Amurkar Maigidana a Hanyar Jidda

Takardar naɗe ƙosai ce ta jawo mana. A shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai ina suya a bakin titin Mansur, inda rabin unguwa Hausa ake ji, kuma duk mai suya ta san wahalar takarda. A buhu nake sayenta wurin wani tsoho ɗan Yaman, tsofaffin jaridu da littattafan makaranta da duk abin da mutane suka zubar. To a Makka kusan kowace takarda da Larabci take, kuma ba a naɗe abin mai da takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Ni a lokacin in ba Alƙur'ani ba ban iya karanta komai ba. Saboda haka aikin ya faɗa kan maigidana. Duk ranar Alhamis sai ya zauna da buhun a gabansa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, mai sunan Allah ya ajiye dama don a ƙona, wadda babu ya jefo mini hagu.

Tela ne, mai keken ɗinki na ƙafa. A Sudan aka haife shi iyayensa na kan hanyar hajji, can ya yi makaranta, Larabci ya zauna masa a baki. Mutum ne mai haƙuri da tsoron Allah, aibinsa ɗaya ne tak: abin da duk ya gani a rubuce, to magana ta ƙare. In ka ce masa da baki rana ta fito sai ya leƙa waje ya tabbatar, amma in an buga a takarda cewa jaka ta haifi raƙumi, tambayar da zai yi ita ce ranar suna.

Wata Alhamis na ga aikin ya tsaya cak, ba dama ba hagu. Na leƙa na same shi riƙe da wani littafi marar bango, ya sa hanci a ciki. Na tambaye shi ko akwai sunan Allah ne. Ya ce ya duba shafi arba'in bai ga ko ɗaya ba, tarihin Amurka ne wani ya mayar da shi Larabci. Na ce madalla, miƙo. Ya ce in tsaya tukuna. Ni kuwa mai ya yi zafi, mutane na jira, don haka da ya tafi sallar azahar sai na sa hannu a tsakiyar littafin na yago abin da hannuna ya kama. Kafin la'asar tela mai mutunci yana bin gida gida a Mansur yana sallama, yana tambayar ko an sayi ƙosai yau, kuma ina takardar. Ya samo wasu sun jiƙe da mai har rubutun gaba da na baya sun haɗe. Wasu an hura wuta da su, guda uku kuma akuyar maƙwabta ta riga shi. Kwana biyu bai ci abincina ba sai ya juya mini baya.

Tare muke zaune da mahaifiyata, Inna. Ita ce ta baro wani ƙauye kudu da Kano da ƙafa, ta yi shekara goma sha ɗaya a hanya. Ta binne mahaifina a ƙasar Wadai, ta tsinci auduga a Sudan damina bayan damina, ta haye teku a jirgin ruwan katako ina goye a bayanta. Duk wannan wahala don abu ɗaya ta sha ta: ta mutu a cikin ƙasar Harami. Ba ta ɓoye wa kowa ba. In an ce mata a je Jidda biki sai ta ce a gaishe su, ita ba ta san ranar da mala'ikan mutuwa zai zo ba, kuma ba ta so ya zo ya tarar ta fita unguwa. Tun da ta shigo Makka, in ka cire tsayuwar Arfa, ƙafarta ba ta taka wajen iyakar Harami ba, ita ma Arfar da fargaba take yinta.

Tsakaninta da maigidana akwai kunya irin ta surukai, ba ta kama sunansa, ba ya haɗa ido da ita. Suna zaune a tsakar gida ɗaya wadda ba ta fi tabarma huɗu ba, amma duk maganarsu ta kaina take bi. Da zazzaɓin littafin nan ya kama shi, kullum bayan la'asar sai ya fuskance ni yana ba Inna labari.

"Faɗa wa Inna, mutanen nan da farko a bakin teku ta gabas suka cunkushe, kamar yadda muke a nan. Da wurin ya yi musu kaɗan sai suka ɗaura shanu a amalanke, suka rufa masa tanti, suka nausa yamma da mata da 'ya'ya."

Inna tana ɓare gyaɗa ta ce, "Tambaye shi shekara nawa suka yi a hanya."

Ya duba takarda. "Wata biyar zuwa shida."

"Wata shida," in ji Inna. "Kuma a zaune. Wannan ai cin kasuwa suka je. Tambaye shi wane Annabi ne a yamman."

Ya ce babu Annabi, ƙasa ce kawai shimfiɗe. Duk wanda ya kewaye fili ya zauna a kai shekara biyar yana nomawa, ya zama nasa. Daga nan sai layin dogo ya biyo su, inda jirgin ƙasa ya tsaya sai gari ya tashi, inda gari ya tashi sai masana'antu, masu narka ƙarfe, masu saƙa, masu yanka shanu dubu a wuni su cusa a gwangwani. Wanda jiya ba shi da komai sai jaki, yau titin gari sunansa yake amsawa. Idonsa har ƙyalli yake in ya zo nan. Inna ta ce in gaya masa Allah ya sauwaƙe wa mutanen da za su yi tafiyar wata shida ba ladan ko taku ɗaya.

Da abin ya tsaya a labari, da ba wanda ya ji mu. Sai ga shi a shekarar ana ta rushe gidajen da ke kewaye da Masallaci don a faɗaɗa shi, mutanen can suka kwararo unguwanninmu, mai gidan da muke haya kuma ya ce ɗansa zai yi aure yana bukatar ɗakunan. Abin da kowa ke yi a irin wannan hali sananne ne. Ka hau dutsen Nakkasa, ka sami inda ba kowa, ka jera duwatsu ka kewaye, ka kafa sandaƙa, wato ɗakin langa-langa da katako, shi ke nan ka zama mai gida. Haka 'yan'uwanmu duka suka yi. Maigidana ya ce shi bai ga inda Amurkawa suka hau dutse ba. Gari yamma yake tafiya, in ji shi, ka'ida ce, kuma a gahawa, wato shagon da yake shan shayi, an tabbatar masa za a shimfiɗa layin dogo daga Jidda zuwa Makka, yau ko gobe.

Ya shiga bayan babbar mota ya bi hanyar Jidda, wadda ta nufi yamma, neman fili. Duk inda ya sauka sai ya tarar wani ya riga shi jera duwatsu, har da farar ƙasa a shafe, wanda ya nuna ba shi kaɗai ne mai wayo a Makka ba, ko da yake sauran ba su karanta littafi ba. Ya yi ta ƙara gaba har ya kusa Shumaisi, inda fararen ginshiƙan iyakar Harami suke a bakin titi. Kafin ya kai gare su ya sauka, ya ratse daga titi ya shiga tsakanin duwatsu, ya sami wani fili fetal, ba alamar kowa sai kashin awaki. Ya dawo da yamma fuska duk ƙura, hannu duk ƙuje, yana murmushi.

Inna tambaya ɗaya ta yi. "Ce masa, cikin Harami ne?"

"Faɗa wa Inna, da idona na ga ginshiƙan suna gabana, ban kai su ba. Ciki ne ƙwarai."

Ta ce to, in dai ciki ne, ko ramin kura ne ta yarda. Ni ce na yi ta faɗa, na ce wa zan sayar wa ƙosai a dokar daji, aljanu? Ba wanda ya kula ni.

Wani direba abokinsa da ke aiki a unguwar Kudai ya ce zai kwashe mu da kayanmu a motarsa, kafin shayi ya huce mun isa. Maigidana ya yi godiya ya ƙi. Akwai hoto ɗaya a littafin, na amalanke mai rumfa, kuma ya rantse da irinsa za mu tafi. Ya ɗauko hayar amalanken jaki, ya lanƙwasa sanduna a kai, ya ɗinka rumfa da zanin gadona na aure, mai furanni ja da kore. Ranar tashinmu duk Mansur ta fito kallo. Mata na riƙe baki, wani dattijo ya tambaya ko amarya za a kai. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuska, na bi bayan amalanken kamar ban san masu shi ba.

Ba mu fita gari sosai ba jakin ya tsaya. Maigidana ya loda keken ɗinki da langa-langa duk a baya, nauyi ya rinjaya, sandunan gaba suka ɗaga, jakin yana taka ƙasa da ƙyar kamar mai ɗingishi a kan ƙaya. Ya ja, ya tura, ya yi masa magana da Larabci, ya koma Hausa. Inna da ke cikin rumfa ta sauko a hankali, ta ɗaure zani, ta zagaya amalanken sau ɗaya.

"Gaya masa ya sauke komai."

Daga nan ita ta zama madugu. Ta sa aka mayar da keken tsakiya, daidai kan ƙafafun amalanke, aka raba langa-langan biyu, aka rataye salkar ruwa ta gefen inuwa. Ta hana tafiya da rana tsaka, ta ƙayyade wa kowa kurɓin ruwansa, har jakin. Ta ƙi komawa cikin rumfa, ta kama igiya tana gaba, tsohuwa mai shekara kusan saba'in, kuma na rantse tun da na yi wayo ban ga tana tafiya da irin wannan ƙarfi ba. Motocin Jidda na wuce mu suna danna oda, fasinjoji na leƙowa. Muka yada zango a wata gahawa ta bakin hanya, washegari da hantsi muka isa. Maigidana ya tsaya a tsakiyar filin ya buɗe hannuwa. Inna ta ce in tambaye shi ko nan ne Amurkar.

Kwana huɗu ya yi yana kafa sandaƙar, ɗaki biyu da ɗan zagaye. Da ya gama sai ya shiga tsara gari. Ya jera duwatsu layi layi: nan tasha, nan kasuwa, nan masana'antar ɗinka jakunkunan alhazai wadda keke ɗari za su yi ta kuka a cikinta. In na ratsa ta kan layin zan zubar da ruwan wanke-wanke sai ya ce na bi ta cikin ofishin tasha. Abokan cinikinsa kuwa, a sati na farko ya ɗinke wa wani makiyayi aljihu ɗaya. Ni da na yi ta zagin wurin, ni na fara cin moriyarsa, don da na kai kaskona bakin titi direbobin manyan motoci suka gano ni, kullum kafin hantsi ƙulluna ya ƙare. Ban gode masa ba, kuma har yau ina ganin ban yi laifi ba.

Maƙwabtanmu Badawa ne, Larabawa makiyaya, tantunansu na bayan wani dutse. Babbansu ya zo ya gaishe mu, ya dubi layukan duwatsun, ya ce nan tun kakanninsa hanyar awakinsu ce, amma baƙon Allah ba a korarsa. Da ya tafi na tambayi maigidana, su Amurkawan ba su tarar da kowa a yamman ba ne? Ya ce sun tarar. Na ce to yaya suka ƙare da su? Ya ce daidai wurin ne na yage na naɗe ƙosai. Daga abin da ya saura dai, in ji shi, da alama ba a rabu lafiya ba. Tun ranar ya ɗauke duwatsun kasuwa daga hanyar awaki.

Wahalata ta gaske itace ce. A ƙasar Harami ba a sare bishiya, ba a cire ciyawa, ba a farauta, ko tsuntsu ba a firgitawa. Ga ƙayoyi da 'yan itatuwa kewaye da mu, amma Inna ta kafa doka ko ƙirare ɗanye kada in karya. Gawayi sai direbobi sun kawo mini daga gari. Ɓeraye suka gane gidan masu tsoron Allah ne suka tare, da ƙyar na samo fatawar kashe su. Ita kuwa Inna hankalinta kwance. Ta ce wurin ya fi Mansur shiru, ga salla ɗaya a Harami daidai da dubu ɗari, ba mai katse ta da sallama. Ta ƙara nafilfili, har ƙiba ta ɗan yi.

Mun yi kwana arba'in da wani abu a haka. Wata safiya Inna na zaune a ƙofar sandaƙa tana jan carbi, sai ga babban Badawan nan ya ɓullo daga bayan ɗakinmu riƙe da zomo ta kunnuwa, yana wutsil-wutsil, ya ciro shi daga tarkon da ya ɗana. Inna ta miƙe tsaye. Larabcinta bai fi cikin cokali ba, amma ranar ya ishe ta.

"Haram! Haram, ya shehu! Farauta a Harami? Sake shi!"

Mutumin ya dube ta, ya dubi zomon, ya yi dariya har haƙoransa na zinariya suka fito. "La, ya hajja, nan ba Harami ba ne. Nan Hillu ne, ƙasar halal. Ga Harami can." Ya nuna gabas da zomon, wajen wani tsibin duwatsu a kan ɗan tudu, tsoho, baƙi, wanda kullum nake shanya wanki kusa da shi. Ya ce iyakar ba miƙe take kamar igiya ba. A bakin titi ta fita can gaba wurin ginshiƙai, amma a nan ta lanƙwaso ciki ta bi kan duwatsu, kuma wannan tsibin alamarta ce tun zamanin da. Kowane yaro makiyayi ya sani. Ya ƙara da cewa shi ya zaci da gangan muka zauna a waje don mu huta da sayen gawayi.

Maigidana ya fito da almakashi a hannu, ya ji komai. Ya bi tsibin da kallo. Ni kuma, Allah ya yafe mini, gawayin nan na fara tunawa, buhu nawa na ɗauko a ka daga bakin titi alhali ga itace halal har bakin ƙofa.

Inna ba ta dubi maigidana ba. Ni ta juyo wa. "Kwana arba'in," ta ce. "Kwana arba'in ina sallar da ko a ƙauyenmu zan yi ta, a inuwar kuka, ba tare da na binne ubanki a hanya ba. Da na mutu shekaranjiya fa, lokacin da na yi wannan tari?" Ta shiga ɗaki ta ɗauko tabarmarta da buta da ƙullin likkafaninta da ta wanke da zamzam, ta kama hanyar tudun. Na bi ta ina ƙirga taku don haushi, ɗari uku da 'yan kai. Ta wuce tsibin da kamar tsawon mutum biyu, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar rana, ta kabbara salla.

Na ɗauka zuwa azahar za ta huce. Ba ta huce ba. Na kafa mata sanduna na ɗaura zani ya yi mata 'yar inuwa, na koma mai kai saƙo tsakanin tudu da sandaƙa, sau goma a wuni, cikin zafin da ke fasa dutse.

"Faɗa wa Inna ta yi haƙuri ta dawo inuwa. Duk lokacin salla ni zan raka ta can."

"Ce masa mutuwa ba ta bin lokacin salla."

"Faɗa wa Inna taku ɗari uku ne kawai, Allah ya san niyyarta."

"Ce masa Allah ya san niyyata tun ina Kano, amma bai hana ni tahowa ba."

Magani a fili yake, a ciro sandaƙar a mayar da ita can. Babban Badawan ma ya ce gefen tudun nasu ne, in don hajiya ce a kafa. Amma langa-langanmu ke nan, ba mu da wasu, kuma fili a wannan zamani ɗakin da ke kansa ne shaidarsa. Ranar da ka cire ɗakin, ranar wani zai jera nasa duwatsun. Gefen tudun kuwa ɗan lungu ne a aro, ba tasha ba masana'anta. Maigidana ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani, Amurkawan ma sun sha irin wannan, wanda ya daure shi ya ci. Na ce masa Amurkawan ba da uwata suka tafi ba. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, na kira littafinsa da sunan da ba zan rubuta a nan ba. Ya tafi ya zauna a ofishin tasha ya haɗa kai da gwiwa. Tausayinsa ya kama ni, don na san ba kwaɗayi ne ke cinsa ba. Mutum ne da aka haifa a hanya, ya girma a gidajen haya, bai taɓa taka ƙasar da zai ce tasa ce ba sai wannan.

Kwana biyu Inna na kan tudu, can take ci can take kwana, ni ma dole na tare wurinta. A rana ta uku wata iska mai zafi ta taso tun hantsi, irin wadda ke busar da miyau a baki. Na gangara ɗebo ruwa, na dawo na tarar da ita a kife a gefen tabarma, buta ta tuntsure. Na ƙwala ihu. Maigidana ya zo a guje ba takalmi, bai tsaya wata kunya ba ya sunkuce ta, ya nufi sandaƙa da ita inda inuwa da tulun ruwan sanyi suke. Ina biye ina yayyafa mata abin da ya rage a butar.

Mun wuce tsibin da 'yan taku ta buɗe ido. Ta ga sama, ta ga inda muka dosa, ta gane. Tsohuwar da na ɗauka ta tafi sai ta kama wuyan rigarsa da hannu biyu, da wata murya siririya da ban san ta da ita ba.

"Kada ku fitar da ni. Don girman Allah kada ku fitar da ni. Saura kaɗan."

Ya tsaya cak. Ina ganin ƙafafunsa a kan duwatsu masu zafi, yana ɗaga ɗaya yana sauke ɗaya bai ma sani ba. Sai ya juya, ya koma da ita ciki, ya kwantar da ita a tabarmar, ya tuɓe rigarsa ya ƙara a kan zanin inuwar. Ya gangara a guje ya dawo da tulun gaba ɗaya a kafaɗa. Da ya ga ta sha ta dawo hayyacinta, sai ya sake gangarawa. Jim kaɗan na ji ƙarar guduma.

Falle falle ya riƙa ciro langa-langan yana hawowa da su a ka, ƙarfe ya yi zafin da sai da ya naɗe hannuwansa da ƙyallayen ɗinki. Badawa biyu suka zo suka kama masa. Inna ta ce ba za ta matsa ko taku ɗaya ba sai ta ga abin da ake nufi, don haka a kanta aka gina ɗakin, tana zaune a tsakiya ana kafa katako kewaye da ita, tana ce mini in gaya masa wancan ginshiƙin ya karkace. Kafin magariba rufi ya hau. Ba a cika sati biyu ba wani mutum daga Jidda ya zo da mota ya zagaye tsohon filin namu da waya mai ƙaya, har da tashar da masana'antar. Maigidana ya tsaya a kan tudu ya kalli aikin har aka gama, ya ce wayar ma irin ta Amurka ce, ya koma kan kekensa.

Shekara biyu da rabi Inna ta yi a wannan ɗaki. Ni kuma na ci gaba da sayen gawayi, wannan karon da hujja. Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, kwana biyar ne. A safiyar ƙarshe, rana ta ɗan ɗaga, ta ce in buɗe ƙofa. Idonta ya riga ya raunana, ta yi ta dubawa ba ta ga komai ba.

"Tsibin nan yana ina?"

Na ce, "Yana bayanmu, Inna, ta yamma."

"Ba a matsar da shi ba?"

Maigidana na tsugune a bakin ƙofa. Ya tashi ya fita, na ji takunsa a kan tsakuwa har ya kai, na ji ya dawo. Ya ce in faɗa mata ya taɓa shi da hannunsa, yana nan inda yake, kuma mu muna ciki.

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta gyara kwanciya ta fuskanci gabas, ta ce in rufe ƙofar haka nan.